Garin neman ƙiba: gargaɗi kan ɗakin gashi a jirgin ruwan shaƙatawa

A watan da ya wuce wata baiwar Allah ta tsaya a tagar ɗakin maganin asibitin da nake aiki, ta miƙo katin mahaifinta, ta ce a haɗa masa maganin wata biyu domin tafiya za su yi. Na duba katin. Dattijo ne da ya doshi saba'in, yana shan amlodipine da wani maganin sa fitsari saboda hawan jini, yana shan tamsulosin saboda matsalar fitsarin dattawa, yana kuma yin allurar insulin safe da yamma. Ina cikin ƙirga ƙwayoyi ta ce in ƙara mata da maganin jiri da amai, don jirgin ruwa za su shiga daga Dubai, kwana bakwai a kan teku. Sai ta juyo mini da fuskar wayarta. Hoton wani ɗaki ne mai katako, da wani baho ruwa na ɓulɓula a cikinsa, tururi na tashi.

"Malam, ka ga wannan? Na biya wa Baba kuɗin mako guda cur. Kullum zai shiga ya gasa jikinsa, duk ciwon nan ya fita."

Na dakatar da ƙirgan, na ce, "Hajiya, ki ɗan zagayo ciki, akwai magana."

Mai karatu, wannan maganar ce na kawo maka yau. Ban ga laifin 'yar da ta tara kuɗinta don ta faranta wa mahaifinta ba, Allah Ya saka mata da alheri. Faɗana da waɗanda suka ɗauki kalmar lafiya suka liƙa a ƙofar shago ne, suka sa mutane suna ganin duk abin da ke bayan ƙofar nan ba ya cutarwa. Abin da nake so ka riƙe shi ne: zafi ma magani ne, yana da ƙima, yana da wanda ya dace da shi da wanda zai iya kayarwa. A cikin jirgin ruwa kuwa ana rabar da shi ga duk wanda ya biya, a tsakiyar teku, inda asibiti na gaske yake da nisan yini ko fiye.

Irin wannan tafiya ba baƙuwa ba ce a wurinmu yanzu. Manyan jiragen yawon shaƙatawa suna tashi daga Mayami a Amurka, da Basalona a Sifaniya, da Dubai, da Daban a Afirka ta Kudu. Tun watan Disamba na 2024 kamfanin Aroya na Saudiyya ya fara ɗaukar fasinja daga Jidda. 'Ya'yanmu da ke aiki a Ingila da Amurka suna biya wa iyaye, amare da angwaye ma suna zuwa. Jiragen nan gari guda ne a kan ruwa: Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600. A kusan kowannensu akwai sashen gashi da tausa. Za ka tarar da bahon ruwan zafi mai ɓulɓula da ake kira jakuzi, da ɗakin tururi, da gadajen dutse masu ɗumi, da ɗakin katako mai busasshen zafi wanda mutanen Finlan suka sa wa suna sauna. Kalmarsu ce, ba ta da dangantaka da saunan Hausa, ko da yake wanda ya shiga ba tare da tambaya ba zai iya haɗa ma'anar biyu. Wasu jiragen har da ɗakin ƙanƙara, inda ake so mutum ya faɗa da zarar ya fito daga zafi.

Bahaushe ba ya bukatar a koya masa cewa zafi na aiki a jiki. Mun san sirace, mun san gashin targaɗe, mun san wankan jego. Tunda mun yarda yana aiki, sai mu yarda yana iya wuce gona da iri. Zafin ɗakin sauna yakan kai digiri 80 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos, ruwan jakuzi kuma ana barinsa har digiri 40. Da jiki ya ji wannan zafi sai hanyoyin jinin da ke ƙarƙashin fata su buɗe, jini ya kwararo waje don ya huce. Zuciya ta ƙara sauri, bugunta ya haura ɗari a minti. Gumi ya karyo, a ɗan zama kaɗan mutum ya zubar da kusan rabin lita na ruwa. Ƙarfin jini a jijiya ya sauka. Saurayi lafiyayye jikinsa zai daidaita wannan ba tare da ya sani ba, ya fito yana jin wasai.

Yanzu ka ɗora wannan a kan katin dattijon nan. Amlodipine aikinsa buɗe hanyoyin jini, ga zafi ya zo ya ƙara buɗe su. Maganin sa fitsari ya riga ya rage ruwan jiki, ga gumi ya zo ya kwashe saura. Tamsulosin an san shi da sa jiri idan mutum ya miƙe tsaye farat ɗaya. Ka haɗa ukun nan da minti ashirin a ruwa mai digiri 40, sannan dattijo ya yunƙura zai fito. Jinin da ya kamata ya hau kai ya taru a ƙafafu, idanu su yi duhu, ga daɓe jiƙe mai santsi, ga jirgi yana tangaɗi. Dattijon da ya faɗi ya karya ƙugu rayuwarsa takan canja daga ranar. Wanda kuma ya suma bai kai ga fitowa ba, ruwan da bai wuce ƙirji ba ya isa ya ci shi. Haka abin yake ga mai shan lisinopril ko losartan, da mai sa ƙwayar ciwon ƙirji a ƙarƙashin harshe, da magidancin da ya sha sildenafil don ƙarfin maza ya ɓoye wa kowa. Duk waɗannan suna saukar da jini, zafi kuma yana taya su.

Mai ciwon suga nasa haɗarin biyu ne. Zafi yana sa fata ta tsotse insulin da sauri fiye da yadda likita ya lissafa, suga ya faɗi ƙasa. Alamomin faɗuwar suga su ne gumi da bugun zuciya da jiri, wato daidai abin da mutum yake sa ran ji a ɗakin gashi, saboda haka ba zai gane ba sai ya fara sambatu. Na biyu, wanda ciwon ya daɗe a jikinsa sau da yawa tafin ƙafarsa ya daina ji. Zai taka dutse mai zafi, ko ya jingina ƙafa a bakin bututun da ruwan zafi ke fitowa, ya ƙone bai sani ba. Mu da muke asibiti mun san inda ƙaramin gyambo a ƙafar mai suga yake ƙarewa.

Ga kuma maganin da baiwar Allah nan ta roƙa da bakinta, na jiri da amai. Cinnarizine da promethazine da danginsu suna kawo barci, suna kashe jiki. Akwai kuma wata 'yar filasta da ake liƙawa a bayan kunne, mai ɗauke da scopolamine, wadda matafiya teku suke yawan amfani da ita. Wannan tana rage gumi, gumi kuwa shi ne hanyar da jiki yake fitar da zafi. A 2025 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta ƙara gargaɗi a jikin wannan filasta, cewa tana iya sa zafin jiki ya hau har ya yi illa, musamman ga yara da waɗanda suka haura sittin. Ka dubi yadda abin ya haɗu: maganin da tafiyar jirgi ta sa mutum ya liƙa, shi ne zai hana jikinsa kare kansa a ɗakin da jirgin yake tallata masa.

Filastar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta fentanyl, wadda ake liƙa wa masu ciwon daji da masu matsanancin ciwo. An ƙera ta ne ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan har tsawon kwana uku. Idan fata ta yi zafi sai maganin ya shiga jini da yawa a lokaci guda, numfashi ya yi ƙasa, mutum ya yi barcin da ba a tashi. Takardar da ke cikin kwalin ta ambaci sauna da bahon ruwan zafi da sunansu, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta yi shela a kan haɗarin filastar a 2005, ta sake a 2007. Su wane ne iyali suka fi son kai wa hutu su biya musu gashi? Mara lafiyar da ya sha wahala, wanda ake so ya ɗan ji daɗin duniya. Wato wanda aka fi tausaya wa shi aka fi turawa bakin rami.

Ke kuma mai juna biyu, ki saurara. Yawancin kamfanonin jiragen nan ba sa ɗaukar macen da cikinta zai kai mako 24 kafin a gama tafiya. Ma'anar wannan ita ce masu cikin da ke cikin jirgi masu ƙaramin ciki ne, lokacin da zafi ya fi haɗari. Ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri suna fara haɗuwa ne a cikin mako huɗu na farko bayan shigar ciki, kafin mata da yawa su san suna da shi. An daɗe da gano alaƙa tsakanin hawan zafin jikin uwa zuwa wajen digiri 39 a wannan lokaci da haihuwar jariri mai buɗaɗɗen baya. Amaryar da ta tafi hutun aure ta yi lissafin kwanakinta kafin ta tsoma ƙafa. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ba a sa shi a jakuzi ko kaɗan, jikinsa yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba. Mai sikila kuma, wanda babu ƙasar da ta kai Najeriya yawansu a duniya, abu biyu da suka fi tayar masa da ciwo su ne ƙarancin ruwa a jiki da canjin yanayi farat ɗaya. Fita daga sauna a faɗa ɗakin ƙanƙara ya haɗa duka biyun.

Duk wannan a kan zafi ne. Saura ruwan kansa.

A 1976 tsofaffin sojojin Amurka suka yi taro a wani otal a birnin Filadalfiya. Bayan an watse mutum fiye da ɗari biyu suka kwanta da ciwon huhu, 34 suka rasu. A farkon 1977 aka gano ƙwayar cutar, aka sa mata suna Lajiyonela. Tana rayuwa ne a ruwa, ta fi yaɗuwa a ɗumin digiri 25 zuwa 45. Ka tuna zafin jakuzi nawa na ce maka. Zafi yana saurin cinye kulorin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta, dauɗar jikin mutane da mayukan shafawarsu su ƙarasa shi. A cikin bututai da matatar bahon wani yauƙi yakan taru, ƙwayar cutar ta ɓuya a ciki. Sai injin ya hura iska, ruwa ya ɓulɓulo, ya fesa ƙananan ɗigo da ido ba ya gani, mutum ya shaƙa har cikin huhu. Ba shan ruwan ake yi a kamu ba, shaƙar feshinsa ake yi.

A 1994 jirgin Horizon, mai zirga-zirga tsakanin Niyok da tsibirin Bamuda, ya zama misalin da ake koyarwa har yau. An lissafa fasinja 50 da suka kamu ko ake kyautata zaton sun kamu, a tafiye-tafiye tara daban-daban, mutum ɗaya ya rasu. An samo ƙwayar cutar a matatar yashin jakuzin jirgin. Kada ka ce wannan tsohon labari ne. A watan Oktoba na 2024 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutum 12 da suka kamu a jirage biyu tsakanin Nuwamban 2022 da Yunin 2024, goma daga cikinsu sai da aka kwantar da su a asibiti. Tushen cutar shi ne bahon ruwan zafin da ke barandar ɗakunan masu tsada, wanda dokar kula da shi ba ta kai ta bahon jama'a tsanani ba. Mai kuɗin da ya guje wa cunkoso ya kama ɗaki mai bahonsa shi kaɗai, shi ya sayi wanda ba a cika dubawa ba. Rahoton ya kuma nuna tururin yana iya kaiwa ga maƙwabtan da ba su taɓa ruwan ba. An ga irin haka a kan tudu: a 2019, a wata kasuwar baje koli a jihar Karolina ta Arewa, mutum 136 suka kamu, huɗu suka rasu, daga bahon da aka ajiye don talla kawai, mutane suna wucewa ta gefensa.

Wannan cuta takan kashe kusan mutum ɗaya cikin goma da suka kamu. Ta fi kama wanda ya haura hamsin, da mai shan taba ko wanda ya taɓa sha, da mai ciwon huhu, da mai suga, da mai ciwon ƙoda, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Ka sake duba wannan jeri, za ka ga fuskar iyayenmu.

Inda abin ya fi shafar mu shi ne bayan an dawo gida. Cutar takan ɗauki kwana 2 zuwa 14 kafin ta bayyana. Alhaji ya sauka a Kano ko Abuja ko Yamai lafiya lau, an raba tsaraba, bayan mako guda zazzaɓi ya rufe shi, da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, wani lokaci har da gudawa. Me za mu ce? Maleriya. A sayo magani a kemis. Kwana uku babu sauƙi, ga tari ya shigo, sai a ƙara da amoxicillin ko Ampiclox, ko a kira mai allura ya yi ceftriaxone. Ina gaya maka a matsayina na wanda aikinsa ke nan: duk dangin penisilin da ceftriaxone ba sa taɓa Lajiyonela, domin tana ɓuya ne a cikin ƙwayoyin halittar huhu inda ba sa shiga. Magungunan da ke kai mata irin su azithromycin da levofloxacin ne, kuma likita ne zai zaɓa ya auna, musamman ga mai ciwon zuciya, don su ma suna da nasu sharrin. Likita kuwa ba ya duba, ba zai yi tunanin wannan cuta ba sai an gaya masa an shiga jirgin ruwa, an zauna a jakuzi ko kusa da shi. Jumla ɗaya daga bakin iyali tana iya zama bambanci tsakanin sallama daga asibiti da zaman makoki.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce mutanen Finlan tun suna yara suke shiga sauna, kuma bincike ya nuna tana da amfani. Gaskiya ne. A 2015 aka wallafa binciken da ya bi maza 2,315 a gabashin Finlan har kusan shekara ashirin, aka ga waɗanda suka fi yawan shiga sun fi ƙarancin mutuwar fuju'a ta zuciya. Amma waɗannan mutane ne da jikinsu ya saba tun ƙuruciya, sun san lokacin fita, suna gidajensu kusa da asibitocinsu. Likitocin Finlan ɗin ma suna hana wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba, da mai ciwon ƙirjin da bai lafa ba. Za a kuma kawo binciken Kanada na 2003 da ya nuna masu hawan jini da ke kan magani sun zauna a ruwa mai digiri 40 ba abin da ya same su. Shi ma gaskiya ne, sai dai mutum 21 ne, minti goma suka yi, masu bincike na tsaye a kansu da abin awo. Wa zai tsaya a kan Baba da agogo? Wanda ya biya kuɗin mako guda so yake ya ci kuɗinsa.

Za a ce ana duba jiragen. Ana dubawa, ban musa ba. Tun 1975 Amurka take da shirin da ke aika jami'ai su hau jirgi ba sanarwa sau biyu a shekara, su ba da maki cikin ɗari, wanda ya samu 85 ko ƙasa ya faɗi, kuma ana buga sakamakon a intanet kowa ya gani. Amma wannan ya shafi jiragen da ke tsayawa a tashoshin Amurka ne kawai. Kuma ziyara biyu a shekara ba ta gaya maka halin da ruwa yake ciki da ƙarfe huɗun yammacin yau, bayan mutum talatin sun shiga sun fita.

Za a ce ai akwai takardar tambayoyin lafiya da ake cikewa kafin a shiga. A nan ne raina ya fi ɓaci. Wa yake karanta takardar? A yawancin manyan jirage wani kamfani ne daban yake gudanar da sashen gashi, ma'aikatansa kuma wani kaso na samunsu kamasho ne daga abin da suka sayar. Ban zarge su da mugunta ba, talakawa ne da suka baro iyalansu wata da watanni suna neman halal. Amma an horar da su ne a kan tausa da gyaran fata da sayar da kaya. Ba aikinsu ba ne su san abin da tamsulosin zai yi idan ya haɗu da zafi, kuma ba adalci ba ne a ɗora musu. Takardar nan ta fi kare kamfani idan wani abu ya faru, sannan ciwon da ka rubuta a ciki shi ne zai nuna wa mai talla kwalbar da zai miƙo maka bayan an gama tausa.

Za a gayyace ka lacca kyauta a kan wanke dattin jiki da rage tumbi, a ƙarshe a fito da ƙwayoyin ciyawar teku da haɗe-haɗen ganye masu tsadar gaske. Mai karatu, Allah Ya riga Ya ba ka masu wanke jini, hanta da ƙoda, suna aiki dare da rana. Gumi ruwa ne da gishiri, amfaninsa sanyaya jiki. Babu suga ko hawan jini da ke fita ta ramin gashi. Idan hanta ko ƙoda suka gaza, asibiti ake nufa. Kayan nan kuma ba ruwan sha ba ne da za a ce in bai yi amfani ba ba zai cutar ba. Ciyawar teku tana ɗauke da aidin mai yawa, yana iya birkita mai ciwon maƙoƙo. Akwai ganyayen da ke ƙara wa warfarin ƙarfi har jini ya ɓalle, akwai masu raunana maganin ƙanjamau da ƙwayar tazarar haihuwa, akwai masu tayar da hawan jini. Mu da muke faɗa da masu tallar maganin gargajiya da lasifika a tasha, me zai sa mu sassauta wa irinsu don sun sa farar riga suna karɓar dala?

Tausa ma tana da nata sharaɗin. Kafin ka kai ga jirgin ruwa sai ka yi awa shida ko bakwai ko fiye a zaune a jirgin sama, doguwar zama kuwa tana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Idan ka ga ƙwauri ɗaya ya kumbura, ya yi zafi, yana ciwo, al'adarmu ita ce a ce a zo a matsa. Kada ka bari kowa ya taɓa. Matsawa tana iya ɓalle gudan jinin ya tafi huhu. Wurin likitan jirgi za ka nufa a take. Mai shan maganin tsinka jini da tsohuwar da ƙashinta ya yi laushi su ma su guji tausa mai ƙarfi.

Sannan ka tuna inda kake. Asibitin jirgi ƙarami ne, an tanade shi don agajin gaggawa da riƙe mara lafiya kafin a kai tudu. Kuɗinsa daban ne, a kan asusunka za a rubuta. Jirgi mai saukar ungulu yana da iyakar nisan da zai iya zuwa, kuma sai yanayi ya yarda. In abu ya yi tsanani za a sauke ka a tasha ta gaba, a ƙasar da wataƙila ba ka jin harshenta, jirgi ya wuce da sauran fasinja. Suman da a gida zai ƙare da ƙarin ruwa leda ɗaya, a teku zai iya cinye abin da aka tara shekaru.

Ban ce kada ka je ba, ban kuma ce kowa ya ƙaurace wa ruwan ɗumi ba. Cewa na yi ba a fafe gora ranar tafiya. Makonni kafin ku tashi, ka zuba duk magungunan mai tafiya a leda, har da na gargajiya da wanda ake sha a ɓoye, ka kai wa likitansa ko mai haɗa magani, ka tambaya ƙarara: zai iya shiga ruwan zafi da ɗakin tururi? Mai filastar fentanyl ko ta scopolamine, da mai ciki ko mai zaton ciki, da ƙaramin yaro, da mai sikila, da wanda zuciyarsa ta gaza ko bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, da mai buɗaɗɗen rauni ko gudawa, amsarsu a'a ce. Kada kuma wani ya yi dabarar tsallake maganinsa na yau don ya samu shiga, wannan gyaran gangar auzinawa ne. Mai raunin garkuwa da mai ciwon huhu su nisanci ko zama a gefen jakuzi.

Wanda aka ba izini ya sha ruwa kafin ya shiga, kada ya wuce minti goma, kada ya shiga shi kaɗai, kada ya haɗa da giya ko maganin barci. In zai fito ya fara zama a bakin bahon ya huta kafin ya miƙe. Mai suga ya auna kafin da bayan, ya ajiye abin zaƙi kusa, kada ya shiga daf da yin allura. Ka dubi ruwan: in ya yi gurɓi, ko kumfa ta ƙi kwanciya bayan an kashe injin, ko gefen bahon yana da yauƙi, ka juya. Ka tambayi ma'aikaci yaushe aka auna kulorin, haƙƙinka ne. Ka cire rigar wanka ka yi wanka da sabulu da zarar ka fito, don akwai wata ƙwayar cutar mai sa ƙuraje masu ƙaiƙayi a inda rigar ta manne. Kada ka haɗiye wani abu da aka sayar maka a can sai ka dawo an duba. Ka sayi inshorar tafiya wadda ta ambaci jinya da ɗauko mara lafiya daga teku, ka faɗa musu gaskiyar ciwon da ake da shi. Bayan dawowa, duk zazzaɓi ko tari ko sarƙewar numfashi a cikin mako biyu, asibiti kai tsaye, kuma farkon abin da za ka faɗa shi ne labarin jirgi.

Baiwar Allah nan ta saurare ni har ƙarshe, ta yi shiru, sannan ta ce, "To Malam, kuɗin da na biya fa?" Na ce ta rubuta musu ta nemi a mayar mata, ko a juya su zuwa wani abu, in sun ƙi kuma ta ɗauka ta yi sadaka. Na ce ta kai Baba wurin likitansa da ledar magungunan kafin su tashi. In an isa, ta samar masa kujera a inuwa a saman jirgi, nesa da bahon nan, da gorar ruwa a gefensa, ya kalli teku iya son ransa. Ta karɓi ledarta ta tafi, ban sani ba ko ta ji. Kai da ka karanta har nan, ka je ka buɗe jakar maganin mutumin gidanku tun yau.